Babban gyaran injin Actros a Maraɗi: kuɗin da na kashe da lokacin da ya ci

Tambayar farko da mu masu manyan motoci muke yi wa makanike ita ce, "Nawa ne kuɗin aikinka?" A kanta ake jan ciniki har murya ta dishe. Amma da aka gama yi wa injin motata babban gyara a wani gareji da ke hanyar Ɗan Isa, na zauna na yi lissafi, sai na tarar kuɗin hannun makanike ɗan ƙaramin kaso ne a cikin abin da ya fita daga aljihuna. Kaya sun ninka shi sau da yawa, zaman da motar ta yi babu aiki kuma ya fi komai ciwo.

Motar Mercedes Actros ce mai injin OM 501, silinda shida, uku a kowane gefe, kusan lita 12. Wake da aya take ɗauka, wani lokaci albasa daga Galmi. Ta fara shan baƙin mai, ƙarfinta ya ragu a hawa, ruwan lagireto yana sauka ba a ga inda yake zuba ba. Daga ƙarshe baƙin man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, direba ya kashe ta.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai garejin ya ƙi yanka mini farashi. Ya ce, "Alhaji, in na faɗa maka kuɗi yanzu ƙarya zan yi maka. Bari mu buɗe ƙasa mu gani." Ya sa yara suka sauke kaskon mai, ya cika lagireto, ya matsa masa iska, muka ga ruwa yana ɗiga daga gindin silif biyu. Silif shi ne bututun ƙarfen da fistan ke kai da komo a cikinsa, kuma a irin wannan injin ruwa yana taɓa bayansa kai tsaye, zobban roba ne kawai ke tare shi a ƙasa. In robar ta bushe, ko tsatsa ta ci ƙarfen saboda ruwan rijiya da direbobi ke zubawa maimakon ruwan sanyaya injin na gwangwani, to ruwa ya sami hanyar shiga mai.

Daga nan ya auna karanshaf, wato babban ƙarfen da fistan ke juyawa a gindin injin, gaɓa-gaɓa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Duk wanda zai kai mota irin wannan gyara ya riƙe wannan, domin a nan kuɗi da lokaci suke rabuwa gida biyu. In karanshaf bai ji ciwo ba, kifa kan motar, wato ɗakin direba, gaba kawai za a yi, a yi aikin injin yana zaune a wurinsa. In ya ji ciwo, sai an raba injin da giya, an ɗaga shi, an kai ƙarfen wurin masu gogewa, an nemo metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, daidai da sabon awonsa. Makaniken da bai auna ba ya ce maka a sauke injin, ko dai bai san aikin ba, ko yana neman ƙarin kuɗi.

Ya kuma ba ni zaɓi da gaskiya. Tunda kowace silinda tana da nata kan daban, ana iya canza biyun da ke yoyo a bar sauran. Ya fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai sauran huɗun shekarunsu ɗaya da su, ringinsu, wato zobban ƙarfen da ke jikin fistan, ma ya cinye. Na ce a canza duka.

Ga yadda kuɗin ya tafi. Aikin hannu jaka 250 na sefa (jaka ɗaya sefa dubu ce). Silif da fistan da ringi na silinda shida, kusan jaka 900. Metal da gasket da zobban roba da filtoci da baƙin mai sama da lita 30 da ruwan sanyaya injin, da gwajin nozul masu fesa gas cikin silinda, sun haura jaka 400. Jimilla ta kai wajen miliyan ɗaya da jaka 600 na sefa, kuɗin makanike bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Wannan farashin nawa ne, a lokacin da na saya. Kayan da ake kawowa daga Kano suna hawa da sauka tare da naira, abin da ka biya yau ba lalle shi maƙwabcinka zai biya wata mai zuwa ba.

A ganina jaka 250 ba ta yi yawa ba ga aikin da na gani da idona. Bayan ya zaunar da kowane silif sai ya auna yadda bakinsa ya ɗago sama da jikin injin, domin in ya yi ƙasa gasket ba zai riƙe ba, in ya yi sama bakin yana iya tsagewa. Kusoshin kan silinda bai ɗaure su da bututu da ƙarfin damtse ba kamar yadda ake yi a wurare da dama. Da sifana mai awo ya bi su, mataki-mataki. Shi ne kuma ya gano tsaga a robar da ke tsakanin filtar iska da turbo. Ta nan ƙura ke shiga tana cin ringi, kuma kowa ya san ƙurar hunturu a hanyar Damagaram. Da bai duba wurin ba, da sababbin kayan ma sun bi sahun tsofaffin.

Inda raina ya ɓaci shi ne lokaci. Sati guda ya ce mini, motar ta kusa sati uku a garejin. Aikin hannun kansa ƴan kwanaki ne, sauran duk jira. Kayan farko da aka aiko daga Kano kwalinsu na ɗauke da suna mai kyau, amma da ya auna ya ga ba su yi ba, ya ce a mayar. A wannan na gode masa, ko da yake ya ci mana kwanaki. Neman na asali a kusa kuma ya yi wuya, domin tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke zuwa daga Turai sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, Yamai kuwa ta fi kilomita 600 daga nan. Amma wani jinkirin nasa ne. Kaya suna ƙasa, sai a kira shi wata tirela ta mutu a hanyar Madawa, ya kwashi manyan yaransa ya tafi, a bar tawa a buɗe har washegari. Na san ba ya son ya mayar da kowa, amma ni ma ina biyan direba da yaron mota kuɗin abinci kullum, ga lodin aya da aka riga aka yi mini alkawari ya koma hannun wani. In aka haɗa wannan asarar, ta fi kuɗin aikinsa.

Garejin kuma ba shi da rumfa ta kirki. Injin da aka buɗe cikinsa bai kamata ya kwana a fili ba a garin da iska ke tashi da rairayi kowace yamma. Yana rufewa da tamfol, yana sake wankewa kafin ya haɗa, amma rumfa da daɓen siminti ba su fi ƙarfinsa ba. Yaran nan da ke wuni hannunsu cikin gas suna wanke ƙarfe, babu safar hannu, su ma abin a duba ne. Su ne makanikan da za mu dogara da su gobe, duk wanda ya kai mota ya ba su nasu na daban.

Ba shi da na'urar duba kwamfutar injin. A Actros kowace silinda tana da ƙaramin famfonta na gas, kwamfuta ce ke ba shi umarni, saboda haka sai da aka kira wani daga cikin gari ya duba ya share tsofaffin alamun matsala, na biya shi jaka 25. Ba a kuma rubuta mini komai ba sai da na nema. Garantin wata uku da ya ba ni da baki ne.

Yanzu motar ta yi Damagaram ta yi Ƙonni da cikakken lodi. Mun yi juyen farko da wuri kamar yadda ya ce, mai bai sauka ba, ruwa yana nan inda aka bar shi, zafinta bai wuce ƙa'ida ba ko da tsakar rana. In aikin cikin injin ne, wurinsa zan koma. Sai dai kafin a kwance kusa ko ɗaya za mu zauna ya rubuta mini jerin kayan da yake zato, in sa a tanade su a Kano, mu kuma yi magana a kan ranar da zai ba ni mota da abin da zai rage mini in ya wuce ta.