Yamai zuwa Tawa a kan babur: yini ɗaya ko a kwana a hanya?

Alhaji, barkanku da warhaka. Kun ce shekarunku sun haura 60, babur ɗinku 125 ne, kuna son zuwa Tawa daga Yamai, kuna tambaya ko ku buga ta a yini ɗaya ko ku raba ta biyu.

Tafiyar kusan kilomita 550 ce: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, a Tsarnawa a rabu da babbar hanyar RN1 a miƙa arewa ta Badagishiri.

Yini ɗaya yana yiwuwa, samari na yi. Ba kuɗin masauki, ba ɗaure kaya sau biyu. Amma ku yi lissafi. Ƙaramin inji da iska ke sanyaya shi ba a matsa masa awa da awa, ga ramuka, ga garuruwan da dole a sassauta. In kun samu kilomita 60 a awa kun yi ƙoƙari, wato awa 9 cur a zaune. Ku ɗora shan mai, shingayen jandarma, azahar, la'asar da abin taɓawa, an doshi awa 12. Ko da kun tashi bayan asuba, magariba za ta riske ku kafin Tawa, kuma nan ne matsalar take. Lokacin ne shanu da awaki ke dawowa daga kiwo, amalanken jaki na tafe bakin kwalta ba fitila, babbar mota ta haske ku. Idon dattijo yakan daɗe bai dawo daidai ba bayan an kashe masa shi da fitila, ga yatsu sun yi sanyi saboda girgizar kan babur, kama birki ma sai a hankali.

Kwana a hanya kuwa ya fi tsada, kuma washegari za ku tashi kwankwaso a ƙage, gwiwa na ƙara, sai kun ɗan taka kafin ku iya hawa. Sai dai kowace rana awa 5 ce kawai, ku tashi da sanyin safiya, ku sauka kafin rana ta take. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mai shekaru ba ya saurin jin ƙishirwa, jiki na bushewa bai sani ba. In kuna shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ku fara ganin likitanku.

Da yawa za su ce muku ku kwana Konni. Ni ban yarda ba. Konni ta kai kilomita 420 daga Yamai, kun riga kun cinye kashi uku cikin huɗu, wahalar yini ɗaya ce aka sake wa suna. Rabin hanya Dogon Dutsi ne, wajen kilomita 275. Can za ku sauka, makanike ya duba sarƙa da man inji, ku miƙe ƙafa.

Da ni ne ku, kwana biyu zan yi, a watan Nuwamba, bayan damina kafin hazo ya yi ƙarfi, da hular kwano mai gilashi da jarkar ruwa a baya. Kafin ku sa rana kuma ku tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya, don a 2020 an hana zirga-zirgar babura a wasu yankunan jihar Tilaberi, wadda ta kewaye Yamai.