Yaron da ya mayar da littafina shafin intanet: abin da ya iya da abin da ya kusa jawo mini

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin malamin dabbobi, kuma abin da na fito da shi bayan ritaya, ban da ciwon gwiwa, shi ne wani littafi mai baƙin bango da lambobin waya suka cika. Likitoci, ma'aikatan gandun daji, wani tsoho mai kama maciji ba tare da ya kashe ba, duk suna ciki. Shi ya sa har yau idan aka tsinci mujiya da karyayyen fiffike a silin makaranta, ko yara suka kamo kunkuru, ni ake kira. Ba don na iya jinyarsu ba. Na dai san wanda za a kira.

Daminar bara wani manomi daga wajen Dindima ya tsinci ɗan gada kwance a gindin kalgo. Ya ɗauka maraya ne. Nan kuwa haka gada take yi: takan ɓoye ɗanta a ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo ta shayar. Ya kai shi gida, aka ɗura masa madarar gwangwani da cokali, zawo ya kama shi. Kwana biyu yana nemana, ni kuwa ina Gombe wajen biki, littafin yana Bauchi cikin durowa. Da na dawo an riga an binne. 'Yata ce ta ce, "Baba, wannan littafin naka ya kamata ya fita daga durowa."

Ita ta nuna mini yadda ake yi a Amurka. A can mai jinyar namun daji sai da lasisin jiharsa, idan kuma tsuntsaye masu ƙaura zai taɓa sai ya ƙara da izinin hukumar kifi da namun daji ta tarayya, saboda wata doka da suke da ita tun 1918. Jihohi da dama sukan fitar da jerin masu lasisin gunduma-gunduma, da irin dabbar da kowa yake karɓa: wannan tsuntsaye kawai, wancan ba ya taɓa jemage. Mu ma ba mu rasa doka ba. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 wadda jihohinmu suka gada, akwai ta tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke shirin ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Abin da mai tsintar ɗan gada yake bukata dai ba sashe na kaza ba ne, lambar waya ce mai shiga.

Shagon yaron da na kai wa littafin don ya mayar da shi shafin intanet yana wajen Yalwa, unguwar ɗalibai a Bauchi, tsakanin mai hoto da mai sayar da cajar waya. Ba zan kama suna ba, don akwai yabo akwai suka a abin da zan faɗa, kuma yaro ne mai neman na kansa. Kwamfuta uku, firinta ɗaya, janareto a ƙofa yana tari. Na je da tunanin zai ce in kawo dubu ɗari biyu. Ya buɗe littafin, ya yi ta juya shafi, sannan ya tambaye ni, "Baba, idan lambar mutum ta canza, wa zai gyara?" Na ce kai mana. Ya ce a'a, idan haka ne kullum kana hanyar Yalwa, kuma ran da na bar gari shafin ya mutu. Wannan tambayar ce ta sa na amince da shi. Muka daidaita a naira dubu 65, rabi a gaba, da kuɗin sunan shafi na shekara guda a ciki.

Ga dabarar, yadda na fahimce ta. Duk bayanan suna zaune a jadawalin Google Sheets, irin Excel ɗin da muka sani a ofis amma a intanet. Kowane mutum layinsa guda. A tsaye kuma an raba gidaje: suna, ƙaramar hukuma, irin dabbar da yake karɓa, lambar waya, irin takardar izininsa, ranar da za ta ƙare. Shi shafin da jama'a ke gani ba ya riƙe komai a cikinsa. Duk sanda aka buɗe shi, jadawalin yake zuwa ya karanto. Na gyara harafi a wayata ina zaune a tabarma, bayan kamar minti biyar gyaran ya bayyana a shafin. Ran farko sai da na canza sunana sau uku don in ga ko da gaske ne.

A nan ba ni da abin cewa sai sambarka. Shafin ba shi da nauyi. Ya ƙi sa manyan hotuna duk da na so a ɗora giwayen Yankari a sama, ya ce wanda yake Mainamaji, ƙauyen da ke bakin Yankari, da sabis sanda ɗaya ba giwa yake nema ba. Gaskiyarsa. Ka zaɓi ƙaramar hukuma cikin 20 ɗin Bauchi, ka zaɓi dabba, sunaye su fito, ka danna lamba waya ta fara kira. A gidan ƙaramar hukuma ya sa jerin zaɓi maimakon in riƙa rubutawa da hannu, domin ni kaɗai na rubuta Alkaleri iri uku a littafina, kuma na'ura tana ɗaukarsu garuruwa uku. A can sama ya bar mini wurin gargaɗi, na rubuta da kaina: kada a ba dabba abinci ko a ɗura mata ruwa, a sa ta a kwali mai huji a wuri mai duhu, ɗan gada ko barewa da ba shi da rauni a bar shi inda yake, jemage da ɓera kada a taɓa da hannu. Mu da zazzaɓin Lasa ke ziyarta duk rani ba sai an yi mana dogon bayani a kan ɓera ba.

To, sai matsaloli.

Ta farko ta ba ni dariya daga baya. Mako guda da buɗe shafin wata malamar makaranta ta kira ni a tsohuwar hanya, ta ce duk lambar da ta danna ba ta shiga. Na duba, ashe kowace lamba ta zama guda 10 maimakon 11. Sifilin farko ya ɓace. Haka duk jadawalin lissafi yake: idan ka rubuta lamba mai farawa da sifili, yana ganin sifilin ba shi da amfani sai ya jefar, sai dai ka gaya masa tun farko cewa wannan gidan rubutu ne ba lissafi ba, ko ka sa ɗan waƙafin sama kafin lambar. Abu ne da mai wannan sana'a ya kamata ya sani tun yana barci. Shi da lambobin ƙarya ya yi gwaji, bai taɓa danna ko ɗaya ya ji ta yi ƙara ba. Minti goma ya gyara, amma mako guda shafin yana raba wa mutane lambobin da ba su da kai.

Ta biyu ta fi ciwo, don ta taɓa ainihin abin da ya sa na yi aikin. Na roƙe shi ya sa duk wanda takardarsa ta ƙare ya ɓace daga shafin da kansa har sai na sabunta. Ya yi, da wani lissafi mai gwada ranar ƙarewa da ranar yau. Amma jadawalin yana kan tsarin Amurka, inda wata ke gaba da rana. Na rubuta 03/11 ina nufin 3 ga Nuwamba, shi ya karanta 11 ga Maris. Wata likita mai takarda lafiya lau ta ɓace tun watanni kafin lokacinta, wani kuma da tasa ta ƙare 10 ga Fabrairu ya ci gaba da zama daram, ana jiran Oktoba. Ranakun da suka wuce 12 kuwa, irin 25/04, bai ma ɗauke su a matsayin rana ba. Likitar ce ta gano, ta kira ni cikin ladabi, "Baba, ko na yi laifi ne aka cire ni?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Maganin yana cikin saitin jadawalin, a mayar da shi tsarin Ingila, sannan a bi tsofaffin ranakun ɗaya bayan ɗaya. Daren nan ni da fitilar caji muka yi shi.

Ta uku ita ce wadda har yanzu idan na tuna gabana ke faɗuwa. A littafina akwai bayanan gefe da na rubuta don kaina: wane ba ya ɗaga waya bayan isha'i, wane sai an biya kuɗin mai, wane yana ajiye dabbobin a bayan gidansa a unguwa kaza. Yaron ya kwafe su duka zuwa wani gida a ƙarshen jadawalin, ya ce ba za su fito a shafi ba. Ba su fito ba kam. Amma jadawalin gaba ɗaya ya wallafa, don haka duk wanda ya san inda zai leƙa a bayan shafin zai ga adireshin jadawalin ya sauke komai. Wani ɗalibin kwamfuta, abokin ɗana, shi ya turo mini hoton bayanan gefena a WhatsApp. Ka bar batun ɓacin ran wanda na ce sai an ba shi kuɗin mai. Ka tuna akwai masu neman ungulu da ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki, da kuɗi a hannu, sassansu suke so, ga shi na rubuta musu unguwar da ake jinyar dabbobi. Ga kuma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023, wadda ko ba ita ba, mutumin da ya ba ka lambarsa don amana bai ce ka baza adireshin gidansa ba.

Na tafi shagon a fusace. Abin da zan yaba, bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, kuskurena ne, a yi haƙuri." Ya raba jadawalin biyu: na ciki wanda ni kaɗai ke buɗewa, da na waje wanda ke janyo gidaje biyar kacal daga na cikin, kuma layukan da na sa wa alamar "an tantance" kawai. Na wajen ne ake wallafawa. Ya kashe tsohon adireshin a gabana. Tun ranar gini ya kamata a yi wannan zanen.

Mun kuma yi ja-in-ja a kan fom. Ya haɗa fom na Google don duk mai son shiga kundin ya cika, yana so abin da aka cika ya wuce shafi kai tsaye, wai don kundin ya yi saurin girma. Na ce sam. Cikin mutum shida na farko da suka cika, ɗaya mai sayar da 'ya'yan biri da aku ne a bakin kasuwa, ya rubuta wa kansa "mai ceton namun daji". Da mun bi ta yaron, da mu da kanmu muke tura masa haja kyauta. Yanzu fom yana zuba ne a jadawalin ciki. Likita sai na ga shaidar rajistarsa da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa da sabuntawar shekara. Wanda ya ce yana ajiye dabbar daji sai na ga takardar izininsa daga ma'aikatar gwamnati, in kuma je in ga kejin da idona. Wannan ɓangaren ba na yaron ba ne, ba kuma zai taɓa zama nasa ba. Shi gani yake layi ɗari ya fi layi ashirin kyau.

Mutum ashirin da uku ne a cikin kundin yau. Akasari likitoci ne da ma'aikatan gandun daji waɗanda za su karɓi kira su san inda za a kai dabba. A ƙasa na ware wurin na nesa, irin cibiyar Pandrillus ta Kalaba da ta daɗe tana karɓar birai, don wanda ya ci karo da abin da ya fi ƙarfin nan kusa. Jihar da ke da Yankari mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da gandayen dajin Sumu da Lame-Burra, layi 23 ba abin taƙama ba ne. Amma kowanne na kira shi na ji muryarsa.

Bayan an gama biya, samun yaron a waya sai an dage. Saƙo yakan kwana biyu ba amsa, sai ka taka ka same shi yana buga wa ɗalibai furojet. Ba mugunta ba ce, aiki ne ya yi masa yawa, kuma tsarin da ya gina ya sa ba na bukatarsa sosai. Wanda zai ba shi irin wannan aiki, ko na jerin masu ba da jini ne ko na makanikan fanfon burtsatse, ina ba da shawara ya je, kuɗinsa daidai ne. Sai dai ya buɗe jadawalin da imel ɗinsa shi mai aikin, ba na yaron ba. Sunan shafin ma a yi rajistarsa da sunansa, ya rubuta ranar sabuntawa a bango. Kada ya biya cikon kuɗi sai ya danna lamba biyar sun shiga, ya gwada rana irin 03/11 ya ga me ta zama, ya kuma sa wani mai ilimin kwamfuta ya leƙa bayan shafin.

Ni yanzu duk Juma'a bayan la'asar nakan ɗauki layi biyar in kira, in ji ko lambar tana nan, in rubuta ranar a gidan "kiran ƙarshe". Makon jiya ɗaya ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Misau, na gyara tun muna kan waya. Saura fassarar gargaɗin zuwa Fulatanci, domin makiyaya su suka fi kowa tsintar 'ya'yan dabbobi. Rubutun yana hannuna tun watan jiya, maɓallin sauya harshe ne yaron ya ce in dawo ran Talata. Talata uku ke nan.