Delahaye 135: bodin Chapron, na Figoni, ko wanda aka ƙera jiya?

A zamaninsa, kamfanin motoci na Delahaye na Faransa shasi da inji yake sayarwa, mai saye ya kai wa maƙerin bodi, kamar yadda ake kai sabuwar gingimari wurin kafinta. Don haka motoci biyu samfurin 135, wanda aka yi daga 1935 zuwa 1954, za su iya zama da inji iri ɗaya mai silinda shida amma farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Bodin ake saye, shi za a fara bincika.

Maƙerin bodi Henri Chapron na Levallois-Perret, kusa da Paris, ya ɗora wa 135 bodi masu yawa, ƙirarsa babu hayaniya. Ga mai son motar da zai hau, ita ce zaɓin hankali: kuɗinta da dama-dama, kuma akwai 'yan uwanta da za a gwada ta da su. Saoutchik na Neuilly gwanin ado ne, ƙarfe mai ƙyalli har ya yi yawa a idon wasu, kuma sake zuba masa ƙyallin yana cin kuɗi. Figoni et Falaschi na Boulogne su ne masu ƙirar ɗigon ruwa da murfin da ke haɗiye taya. Tasu ta fi tsada, ita kuma aka fi kwaikwayo. Sau da yawa ana samun shasi na gaske, an cire masa tsohon bodi mai ƙofa huɗu an ƙera masa sabon "Figoni". Irin wannan ba laifi ba ce idan an faɗa, an kuma sayar da ita a kuɗin kwaikwayo.

Ƙaramin farantin sunan maƙeri da ke ƙasan bodi kusa da ƙofa kada ya ruɗe ka, noti biyu ne ke riƙe da shi. A nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, a gwada da ta farantin cikin ɗakin inji da ta takardar rajista. Sai lambar bodi, wadda maƙera kan buga a katako ko bayan kayan ado. Idan lamba ɗaya ta fito a ɓoyayyun wurare uku ko huɗu, magana ta fara ƙarfi. Tsohon hoto na lokacin da aka ƙera ta ya fi rantsuwar dillali.

Ƙarƙashin ƙarfen bodin akwai firam na katako. A buɗe ƙofa a ɗaga ƙarshenta: in ta yi wasa ko ta sauka, ruwa ya ci ginshiƙin, kuma gyaransa sai an kware bodin. A bi jikin da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa ko dai alminiyom ne ko ciko mai kauri a ƙarƙashin fenti.

Kabureta uku ba su isa shaidar cewa motar 135 MS ce ba, wato samfurin da injinsa ya fi na samfurin 135 M ƙarfi, domin 135 M ma ana samunta da uku. Sitiyari a dama kuwa haka aka saba yin su. Idan giyar Cotal ce, mai ƙaramin hannu a jikin sitiyari, da lantarki take aiki, saboda haka a gwada dukkan giya huɗu bayan inji ya yi zafi. Raunin wuta ko gurɓatacciyar waya na sa ta zamewa.