Hattara da masu tallan injin yankan ciyawa na tsere, akwai 'yan damfara a cikinsu

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka, da kuma matasan gida masu sha'awar ƙarafa da gudu, wannan gargaɗi naku ne. Akwai waɗanda suka mayar da tallan injin yankan ciyawa na tsere hanyar cin kuɗin mutane a intanet. Su saka hoto mai ɗaukar ido, su faɗi farashi mai sauƙi, su karɓi kafin alƙalami, daga nan lambarsu ta daina shiga. Wani matashi ɗan unguwarmu da ke karatun kanikanci a arewacin Ingila ya turo mini duk hirar da suka yi da ɗaya daga cikinsu bayan an cinye masa abin da ya tara, kuma da izininsa nake wannan rubutu. Ba zan kama sunan kowa ba. Sunan da macucin ya ba shi ma na aro ne, gobe da wani zai fito.

Na san wani zai yi dariya ya ce yaushe injin yankan ciyawa ya zama abin tsere. Wasa ne na gaske, kuma ya daɗe. A garin Twelve Mile na jihar Indiyana a Amurka, tun 1963 ake yin sa duk shekara. A Ingila kuwa wasan ya kafu ne a 1973 a ƙauyen Wisborough Green da ke yankin West Sussex, inda wani mutumin Ailan mai suna Jim Gavin, wanda ya fito daga harkar tseren motoci, ya gaji da yadda kuɗi suka mamaye wasan har talaka ya daina iya shiga. Shi da abokansa suka ce to a yi tsere da abin da kowa ke da shi a bayan gida. Daga nan ƙungiyar masu wannan tsere ta Birtaniya, BLMRA, ta samo asali. Tserensu na awa 12, wanda ake kwana ana yi daga dare zuwa safiya, an fara shi a 1978, kuma manyan direbobi irin su Stirling Moss da Derek Bell suna cikin waɗanda suka ci na farkon. Ƙungiyar Amurka, USLMRA, ta zo daga baya, ranar 1 ga Afrilu 1992.

Wannan tarihi shi ne ke tona asirin macutan. Tun farko waɗanda suka kafa wasan a Ingila sun gindaya sharuɗɗa: babu kyautar kuɗi, babu kamfani mai ɗaukar nauyin ɗan tsere, babu kasuwanci a ciki, babu yi wa inji ƙarin ƙarfi. Ribar da aka samu a taro ana ba da ita ga ayyukan taimako. Wanda ya zo na ɗaya kofi yake komawa gida da shi, da laka a jiki. Ita ma ƙungiyar Amurka kofi take bayarwa. To mai tallan nan ya rubuta wa yaron cewa injin ya ci gasa a Ingila sau da dama, kuma kuɗin kyauta na kaka ɗaya sun isa su mayar masa da abin da ya kashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin tseren nan ko sau ɗaya ba zai iya furta wannan magana ba.

Ƙarya ta biyu tana cikin bayanin injin. Ya ce an cire na asali an saka na babur mai ƙarfi, yana gudun fiye da mil 100 a awa. A ƙa'idar BLMRA dole abin da za ka hau ya kasance asalinsa an ƙera shi ne an sayar don yankan ciyawar gida, kuma ana duba kowane inji kafin a bar shi ya shiga fili. Gudun da ake samu ba daga ƙarin ƙarfin inji yake zuwa ba. Ana cire wuƙaƙen gaba ɗaya, a sauya fuli, a saka babba a wajen inji da ƙarami a wajen giya don tayoyi su riƙa juyawa da sauri, a gyara birki da sitiyari, a ƙarfafa jikin, a saka igiyar da ke ɗaure da direba wadda za ta kashe injin da zarar ya faɗo. Da duk wannan, masu gudun cikinsu wajen mil 50 a awa suke kaiwa, kimanin kilomita 80. A kan gona mai gargada, kana zaune a kan abin da ba shi da abin rage jijjiga, wannan ma ya isa ya sa mutum salati.

Mil 100 ɗin da yake faɗa akwai inda ya samo shi. Kamfanin Honda ya taɓa ƙera wani inji don talla, Mean Mower, wanda a 2014 ya shiga kundin Guinness da gudun mil 116.57 a awa a ƙasar Sifaniya. Na biyunsa, mai injin babur ɗin CBR1000RR Fireblade, a 2019 ya tashi daga tsaye ya kai mil 100 cikin daƙiƙa 6.29 a Jamus, wata mata mai suna Jess Hawkins ce ta tuƙa shi. Waɗannan ba kayan kasuwa ba ne, ba a sayar da su a kanti, balle a ce wani ya ajiye ɗaya a garejinsa yana neman kai da shi a farashin tsohon keke. Bidiyonsu ya cika intanet, shi ya sa macuta ke yankar ɗan guntu su turo maka a matsayin "gwajin da muka yi makon jiya".

Sauran hotunan tallan ma na sata ne. Da aka saka su a manhajar binciken hoto ta Google Lens sai ga su a shafin wani ɗan tsere na gaskiya a Amurka, wanda bai san ana ciniki da kayansa ba. Abin dariya, a hoto ɗaya injin ja ne, a wani kuma an ɗauko wani daban mai launin kore har da wuƙaƙensa a ƙasa. Ɗoki ya hana yaron lura.

Yadda ake karɓar kuɗin kusan salo ɗaya ne kullum. Ka ce za ka zo ka gani, sai ya ce ya yi tafiya, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko injin yana ajiye a wurin wani kamfanin jigila. Ka nemi a yi kiran bidiyo, sai kyamararsa ta lalace. Sai ya ce mutum biyu na jira, wanda ya fara turo kafin alƙalami shi zai ɗauka. Idan PayPal ne, zai nace ka tura ta sashen Friends and Family wai don a guje wa caji, alhali wannan sashe na aika kuɗi ga dangi ne, ba shi da kariyar mai saye, ba kamar Goods and Services ba. A Amurka manhajar tura kuɗi ta Zelle suke so, ko katin kyauta na kantuna da za ka kankare ka turo lambar, ko kuɗin kirifto. Da ka tura na farko, sai saƙo ya zo daga "kamfanin jigila" ana neman kuɗin inshora da za a mayar maka idan kaya sun iso. Bayan shi kuɗin akwati. Haka za su yi ta tatsa har ka farga. Cinikin biri a sama ke nan, kuma yaron nan sai da ya biya na inshorar kafin jikinsa ya ba shi.

Akwai wani nau'in da ya fi ba ni tsoro, don shi ba aljihu kawai yake taɓawa ba. Injin yana nan da gaske, za ka gan shi, za ka ji ƙararsa, amma haɗin gambiza ne. Irin waɗannan ƙananan injina, kamar na Briggs & Stratton da Kohler, suna da wata na'ura da ake kira gwamna, wadda ke hana su wuce juyi kusan 3,600 a minti, kamar dai na janareto. Wasu sai su cire gwamnan don injin ya yi ihu a gaban mai saye, su bar faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a saman injin yadda ya fito daga kamfani. Wannan faifai na zubi ne, ba a yi shi don irin wannan juyi ba, kuma idan ya tarwatse gutsattsarinsa na fita ne daidai inda ƙafafun direba suke. Shi ya sa masu tsere a Amurka da ke cire gwamna suke sayen faifai na musamman da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam. Mai sayarwa ya ce maka an saka irinsa, ka ce ya kwance murfin ka gani da idonka, ya kuma nuna rasit. Idan ya fara kame-kame, ka kama hanya.

Ka duba lambar inji kuma. Na Briggs & Stratton suna da jerin lambobi uku da aka buga a jikin ƙarfe, kuma na ukun yana nuna ranar ƙira: lambobi biyun farko shekara, biyu na gaba wata, sai rana. Wanda ya ce maka injin bara ne alhali lambar ta nuna ya haura shekara 15, ka san da wa kake magana. Idan ka tarar an goge lambar ko an ɓamɓare takardar da ke ƙarƙashin kujera, to akwai alamar kayan sata ne, domin injinan yankan ciyawa na hawa suna cikin abin da ɓarayi ke ɗauka a gidajen karkara. Ranar da 'yan sanda suka zo, kai za su tarar da shi a hannu.

Ku da ke gida, Kano ko Kaduna ko Maraɗi ko Damagaram, idan wani ya tuntuɓe ku ya ce zai yi muku odar irin wannan inji daga waje, ko ku zuba jari a "ƙungiyar tsere" a riƙa raba muku kuɗin kyauta duk wata, ku tuna abin da na faɗa a sama: kuɗin kyautar ma babu su. Kuma ko da an kawo maka shi har ƙofar gida, ba abin hawa titi ba ne, ba shi da lamba ba shi da takardu, yankan ciyawar ma ba zai yi ba tunda an cire wuƙaƙen.

Mai son wasan da gaske, hanyarsa a buɗe take kuma ba ta da tsada. A Ingila ana yin taruka ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Ka je ka kalla, ka zagaya inda suke kwance-kwancen injina, ka yi tambaya. Mutanen wasan nan ba su da yawa, sun san juna, sun san injin kowa da tarihinsa. Ka nuna musu hoton tallan da ka gani, cikin minti kaɗan wani zai ce maka na wane ne, ko ya ce bai taɓa ganinsa a fili ba. Ka karanta ƙa'idojin rukunin da kake son shiga kafin ka sayi ko noti ɗaya, domin abin da aka yarda da shi a Amurka ba lallai a yarda da shi a Ingila ba. Yawancinsu ma tsohon inji suke saya da araha su gina da hannunsu, kuma ginin shi ne rabin daɗin abin.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. A Birtaniya ka buga 159, za a haɗa ka da bankinka kai tsaye. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai dokar da ta wajabta wa bankuna mayar da kuɗin wanda aka yaudara ya tura ta banki a cikin ƙasar, har zuwa fam 85,000, idan ya kai ƙara cikin wata 13. Dokar ba ta shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ko kirifto ba, kuma banki na iya cire har fam 100 daga ciki. A Amurka a kai rahoto ga hukumar kare masu saye ta FTC da sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙarar laifukan intanet, a Najeriya kuma EFCC tare da bankinka. Kafin ka toshe lambar macucin, ka ɗauki hoton duk hirar, da lambar asusun da ka tura wa kuɗi, da shafin tallan, domin da ya ji motsi zai goge komai. Bayan haka idan wani ya ɓullo ya ce shi ƙwararre ne wajen ƙwato kuɗin da aka damfara, ka biya shi kaɗan ya fara aiki, kada ka ba shi ko sisi. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata lamba.