Ninjojin Hong Kong ko na Amurka, wanne ya fi?

Masu kallon fim ɗin Chanis har yau basu gama musu akan waɗannan finafinan ninja guda biyu ba. Five Element Ninjas na 1982, Chang Cheh ne ya ba da umarni a kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong, ninjoji sun zo sun ƙarar da makarantar kung fu gaba ɗaya, ɗaya ya tsira ya je ya koyo salonsu ya dawo ɗaukar fansa da abokansa uku. Ninjojin kashi biyar ne, zinare, itace, ruwa, wuta da ƙasa, wasu su fito daga cikin ruwa wasu daga ƙarƙashin ƙasa, kai abin sai wanda ya gani. Masu kushe shi suna cewa jinin yayi yawa kuma dajin ma kana gani kasan cikin situdiyo ne, gaskiya ne amma faɗan fa ba wasa.

Revenge of the Ninja na 1983 kuma Sho Kosugi ne ekta, an kashe masa iyali a Japan ya koma Amurka, abokinsa ashe shine bos yana ɓoye hodar heroin cikin 'yan tsana. Faɗan ƙarshe a saman bene yayi kyau, sauran kuwa surutu yayi yawa wallahi. Ni dai na Shaw Brothers nake zaɓa.