Shagon Littattafan Bakin Tasha a Ringim da Gardamar Jiki Magayi

Duk wanda ke da ɗa a makarantar sakandare a ƙauyukan da ke kewaye da Ringim ya san wahalar neman littafin adabi, domin yawancin shagunan da ke kiran kansu na littattafai ba su ajiye komai sai littafin rubutu da biro da takardun tambayoyin jarrabawar baya. Akwai wani ƙaramin shago kusa da tashar mota da ya fita daban, kuma shi nake so in yi bayani a kansa, da abin da na yaba da abin da ban ji daɗinsa ba. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba da benci biyu. Mai shagon dattijo ne wanda ɗalibai ke kira Baba, yana saro kayansa daga Kano, littattafan addini daga Kasuwar Kurmi, na boko kuma daga Sabon Gari, sa'an nan ranar Lahadi yakan aika yaronsa da kwali guda zuwa kasuwar Gujungu saboda mutanen da ba su iya shigowa gari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kantar da ya ware wa tsofaffin ƙagaggun labaran Hausa. A nan mutum zai tarar da littattafan da suka biyo bayan gasar rubutu ta shekarar 1933, wadda wani Baturen jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya daga Zariya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da shi East ɗin. Na biyar ɗinsu, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, shi ne ba a cika samu ba, sai an ba da saƙo an jira. Kwafin Jiki Magayi da na saya bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne, wanda aka kafa a 1966. Rubutunsa ya fito sarai, ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ suna nan a wurarensu, shafuka sun cika, kuma mai shagon da kansa ya ce in duba su ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kasuwa ta cika da bugun sata mai dusasshiyar tawada, wanda yaro zai kai tsakiyar labari ya tarar shafi huɗu sun ɓace ko an maimaita su.

Ga wanda ba shi da halin saye akwai haya. Ɗalibi yakan ajiye ɗan kuɗi a matsayin jingina ya tafi da littafi na mako guda, in ya dawo da shi lafiya a mayar masa da jinginarsa bayan an cire na haya. Tsarin yana da kyau, sai dai kwafin hayan sun sha hannu ƙwarai, wasu ma bangonsu da zare aka ɗinke shi.

Amma ainihin abin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne zaman da ake yi a rumfarsa bayan La'asar, inda malaman makaranta da 'yan ajin ƙarshe ke haɗuwa, kuma babu littafin da ke tayar da gardama a wurin kamar Jiki Magayi. Labarin dai sananne ne. Abubakar yana son Zainabu, sai attajiri Malam Shaihu, wanda ke da dukiya amma ba shi da ɗa, ya shiga tsakani har ya aure ta. Abubakar ya ƙudiri aniyar ramuwa, ya sha baƙar wahala wajen neman asiri, asirin kuma ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shaihu, yaron ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Wani malamin Hausa da ya daɗe yana koyarwa yana kan ra'ayin cewa littafin madubi ne na zuciyar ɗan Adam, domin Abubakar mutumin kirki ne a farkon labari, zaluncin da aka yi masa ne ya buɗe ƙofar muguntar da ke kwance a cikinsa, kuma duk wanda aka ƙwace masa abin da yake so da ƙarfin kuɗi zai ji irin wannan raɗa a ransa ko da bai aikata ba. Wani matashin malami kuwa bai yarda ba ko kaɗan. A ganinsa shigar da asiri cikin labarin ta raunana shi, tunda an ɗauke wa Kyauta alhakin aikinsa, an mayar da shi makami a hannun wani, alhali sata da ƙarya a rayuwa suna da tushe a tarbiyya da shagwaɓawa da abokan banza. Ya kan ƙara da cewa yara suna fita daga ajin da tunanin cewa duk ɗan da ya lalace jifansa aka yi, kuma wannan tunani ya riga ya yi wa ƙauyukanmu illa. Dattijon malamin yakan amsa masa cikin natsuwa, yana kiransa da Malam duk da a shekaru ya haife shi, cewa ɗa ɗaya tilo da aka samu bayan dogon jira ba ya buƙatar boka kafin ya lalace, kuma mai karatu da hankali zai ga gatan da aka yi wa yaron a ƙarƙashin maganar asirin.

'Yan matan da ke zuwa haya suna da tasu fahimtar, wadda na ga ta fi ta malaman biyu kaifi. Su tambayarsu ita ce me ya sa ake ta shari'a tsakanin maza biyu, ana mantawa da cewa mace aka yi ciniki a kanta, kuma ita ce ta rasa miji ta hannun ɗan da ta haifa. Akwai kuma iyayen da ba su son littafin gaba ɗaya saboda ambaton bokaye, kuma na ga mai shagon yana sauraron ɗaya daga cikinsu har ya gama, sa'an nan ya roƙe shi da ya karanta ya ga ko an yabi aikin ko an nuna munin ƙarshensa. Ni dai na fi karkata ga dattijon malamin, ko da yake ƙorafin matashin game da abin da yara ke ɗauka daga ajin gaskiya ne, kuma nauyin gyara shi yana wuyan mai koyarwa.

Inda shagon ya gaza shi ne ƙananan takardun taƙaitawa da ya jera a bakin ƙofa, waɗanda suka fi littafin araha kuma suka fi shi kasuwa idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso. Na buɗe ɗaya na ga an tattara wannan gardama duka a layi guda, wai jigon littafin ramuwar gayya ne, sai jerin sunayen taurari, har da kuskure a dangantakar wasunsu. Yaron da ya haddace wannan ba zai iya zama a bencin nan ya ce uffan ba. Na faɗa wa mai shagon haka, ya ce da ribarsu yake biyan kuɗin hayar ɗakin, kuma ban ga hanyar musa masa ba.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Babu na'urar POS, sai kuɗi hannu ko a tura ta waya idan sabis ya yarda, ƙurar hunturu tana shiga kantoci, kuma shagon a rufe yake ranar Juma'a har sai an sauko daga masallaci. Wanda zai je saye ya nemi cikakken littafin, ya duba shafukansa a gaban Baba, ya bar takardun bakin ƙofa inda ya gan su, in kuma yana da lokaci ya daidaita zuwansa da bayan La'asar.