Abin da na samu a ƙungiyar mabusa turombon ta duniya

Ƙungiyar mabusa turombon (wani dogon kayan busa na ƙarfe) ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ITA, an kafa ta ne a Amurka a shekarar 1972, kuma Tom Everett ne shugabanta na farko. Ni ɗan badujala ne a nan Sakkwato, an kuma ɗora mini nauyin koyar da yaran da ke tasowa a busa, saboda haka abin da ya kai ni yin rajista shi ne neman ilimin da zan iya miƙa musu.

Babban abin da ɗan ƙungiya yake samu shi ne mujallarta, wadda ke fitowa sau huɗu a shekara da Turanci, ni kuwa ta intanet nake karanta ta, domin jiran takarda ta gidan waya sai mai haƙuri. A nan na fahimci yadda ƙwararru suke kula da silaid, bututun nan da ake ja ana turawa, wanda shi ne ran kayan gaba ɗaya. Mabusanmu da dama man keken ɗinki suke ɗiga masa, shi kuwa man nan da zarar ƙurar hunturu ta same shi sai ya zama dagwalo, silaid ya riƙa cijewa ana tsakiyar fareti. Hanyar da ta fi ita ce a goge bututun ciki tas da ƙyalle mai laushi, a shafa ɗan kirim na musamman na silaid kaɗan a ƙarshensa inda ya fi kauri, sannan a fesa ruwa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu ruwan ba ya jimawa yake bushewa, shi ya sa yanzu kowane yaro cikin yarana yake da ƙaramar kwalbar feshi a aljihu.

Turombon ba shi da maɓallai irin na sauran kayan busa. Matsaya bakwai gare shi a kan silaid, babu kuma wata alama da ke nuna su, sai dai kunne da sabon hannu. Abin da ya gyara mana wannan shi ne atisayen jan sauti ɗaya da dogon numfashi, irin wanda ake dangantawa da Emory Remington, malamin makarantar kiɗa ta Eastman da ya rasu a 1971, wanda har ƙungiyar ta sa wa ɗaya daga cikin gasanninta sunansa. Yara suna ƙosawa da shi, amma duk wanda ya daure, sautinsa yana cika ya daina rawa.

Sauran amfanin kuwa ya yi mana nisa. Babban taron mabusa turombon da ake yi kowace shekara, wanda ya samo asali a birnin Nashville na Amurka a 1971, sai mai biza da kuɗin jirgi. Gasannin ana fara su ne da aika sautin da aka naɗa, amma yawancinsu suna buƙatar gwanin fiyano ya raka mutum, samun irinsa kuwa a garinmu ba ƙaramin aiki ba ne. Kuɗin shiga da dala ake biya, katina na banki kuma ya ƙi wucewa, sai da wani ɗan'uwa da ke waje ya biya mini na mayar masa da naira. Haka nan yawancin rubuce-rubucen sun karkata ga manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai da kiɗan jaz, ba ga mai busa a filin Giginya ranar 1 ga Oktoba ba.

A ganina, wanda ba ya karanta rubutun kiɗa kuma Turancinsa bai yi ƙarfi ba, gara ya sa kuɗinsa a bakin busa mai kyau da kirim. Malamin badujala kuwa ya dace ya shiga, ya karanta, ya zauna da yaransa ya yi musu bayani da Hausa, kayan busa a hannu. Ni dai zan sabunta rajistata in Allah ya kai mu, muddin farashin dala bai fi ƙarfina ba.